Takardar Da Ban Miƙa Ba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, na taɓa zama sakataren kamfe. Kada ku ji sunan ku zaci wani abin kirki ne. Ofishina benci ne a gindin darbejiya, kayan aikina biro ne da littafin rubutu irin na 'yan aji huɗu. Amma a lokacin gani nake ni zan gyara ƙasar nan, har tafiyata sai da ta canza, na koma saɓa babbar riga ranar da ba Juma'a ba.

Wanda muka tsayar takarar majalisa abokina ne na yarinta. Tare muka yi allo, tare muka yi firamare, tare aka zane mu a kan satar mangwaro. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, don haka rabin tuwon da ya ci a duniya a gidanmu ya ci shi. Mahaifina ba ya ce masa komai sai "ɗana". Ni kuwa da yake ɗan fari ne, kunya ba ta barin Baba ya faɗi sunana, "kai" ce rabona har ya koma ga Allah.

Abin da ya sa muka tsayar da shi guda ɗaya ne, gona. Mu a nan arewacin Kano gonakinmu ƙanana ne, manne da juna, iyakarka da maƙwabcinka layin gamba ne ko 'yan itatuwan lalle. Ba ma barin gona ta huta, don babu inda za a koma, taki ne kawai yake riƙe da ita. Gonar Baba tana bayan gari, da gawo biyu a tsakiyarta. Tun kafin a haife ni yake kai mata taki a kan jaki, duk rani, mangala bayan mangala, har ƙasarta ta yi baƙi ta yi laushi, kana tura yatsa yana nutsewa. Daga ita muke ci, daga ita aka yi mini kuɗin makaranta. Kuma mun ga abin da ya samu 'yan'uwanmu na wajen Bacirawa. Inda muka san ana yankan gero, yanzu shaguna ne da gidajen haya. Birni yana tahowa, kowa yana ganinsa. Shi ne dattawa suka ce gara a samu namu a majalisa, wanda in an zo maganar gonaki zai miƙe ya ce a'a.

Kuɗin fom ya fi ƙarfin kowa a cikinmu. Sai aka yi yadda muka saba in za a yi rufin masallaci: kowane gida ya fito da dami. Baba ne ya fara buɗe rumbunsa. Mata suka yi sussuka, muka ɗura a buhuna, muka yi hayar mota zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau muka sayar. Mahaifiyata ta ƙara da tunkiyarta guda ɗaya da take kiwo. Ranar da abokina ya ɗaga fom ɗin nan a ƙofar masallaci, sai da ya yi hawaye. Ya ce, "Baba, geronku ne wannan. In na manta, kada Allah ya bar ni." Har yau na yarda a ranar da gaske yake yi.

Bayan zaɓen fid da gwani abubuwa suka buɗe. Fosta ta cika gari, aka kawo motoci biyu masu lasifika, aka raba atamfa da hotonsa. Wata rana na shigo gida sanye da hular kamfe, Inna tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni.

"Kai, geronmu ne ya haifi motocin nan?"

Na ce, "Inna, masoya ne. Siyasa ce, ba za ki gane ba."

Ta ce, "To. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin masoyin da yake ba da mota don Allah ba."

Na yi dariya na wuce. Ni mai ilimi, wai ina tausayin jahilcin tsohuwa. Akwai wani Alhaji, dillalin filaye daga birni, da yake zuwa kowane taro ya zauna a baya, ba ya cewa uffan. In na gama jawabi sai ya gyaɗa kai. Ni a zatona hikimata ce take burge shi.

Muka ci zaɓe. Da aka raba kwamitoci aka ba abokina shugabancin kwamitin filaye, sai muka ce shi ke nan, Allah ya amshi addu'a. Har kiɗa aka yi. Kuma in faɗi gaskiya, shekara biyun farko bai ba mu kunya ba. Ya kawo ƙudiri a kan takin zamani, mun ji muryarsa a rediyo yana faɗa a kan hanyarmu, ya haƙa mana rijiyar burtsatse a bakin kasuwa. Baba in ya ji an ambace shi a labarai sai ya ƙara murya ya ce, "Ku yi shiru, ɗana ne."

A shekara ta uku aka kawo ƙudirin da zai shigar da gonakin bayan garinmu cikin sabon awo, a yanka su fuloti-fuloti. Gonar Baba tana tsakiyar taswirar. Majalisa ta miƙa maganar ga kwamitin abokina, aka aiko mana cewa kwamiti zai zo har gida ya ji ta bakin jama'a. Ba mu tsorata sosai ba, tunda namu ne a kan kujerar. Duk da haka na zauna na rubuta takardar ƙorafi, da Hausa da Turanci, na zuba duk manyan kalmomin da na sani. Na ari tawadar dangwale a ofishin hedimasta, na bi gida-gida. Duk mai gona a wurin ya dangwala. Babban yatsan Baba ne na farko, a can sama.

Ranar da za su zo, bayan an idar da sallar asuba, dattawa suka tsaya a ƙofar masallaci. Baba ya kira ni.

"Kai, takardar nan ka bar ta a aljihu."

Na ce, "Baba, ai don a ji ƙorafin za su zo."

Ya ce, "Baƙi zai kawo mana, abokan aikinsa. In muka tashi a gabansu muna kuka, me za su ce? Cewa za su yi ko mutanen gidansa bai iya riƙewa ba. Ba za a kunyata ɗana a garin ubansa ba. In sun tafi mu same shi mu kaɗai, mu ba shi a hannu."

"Baba, su fa aikinsu da rubutu yake tafiya."

"Shi da ya girma da tuwon gonar nan, sai an karanta masa takarda zai san amfaninta?"

Sauran dattawan suka ce wannan haka yake. Wanda bai tashi a irin garinmu ba zai ga wauta ce. Amma mu haka aka rene mu. Ko surukinka ne ya yi maka laifi, in ya zo da baƙo, tabarma za ka shimfiɗa ka kawo fura, maganar laifi sai baƙo ya tafi. Kara muke ce mata, kuma muna alfahari da ita. Ni ma ba zan wanke kaina ba. A lokacin ana ta raɗe-raɗin abokina zai ɗauke ni mataimaki na musamman, har na fara tunanin irin takalmin da zan saya. Ban so in zama wanda ya ɓata masa taro ba. Da Baba ya hana ni, wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji.

Da hantsi suka iso. An kafa rumfa a filin makaranta, an yanka rago, mata sun yi waina da fura. Abokina yana tsakiya, 'yan majalisa uku ko huɗu a gefensa, sai magatakardan kwamiti da babban littafi a gabansa. Aka buɗe taswira aka yi bayani, aka ce ci gaba ne zai zo, da titi da wuta da asibiti. Sannan magatakarda ya miƙe.

"Akwai mai ƙorafi, a baki ko a rubuce?"

Abokina ya ɗago ya kalle ni. Na sunkuyar da kai.

Magatakarda ya sake tambaya. Abokina ya sake kallona, wannan karon ya daɗe. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, har na taɓa gefen takardar. Sai na ji tafin hannun Baba a kan gwiwata. Bai dube ni ba, bai matsa ba, ajiye shi kawai ya yi. Hannun nan mai kaushi, duk kanta. Na zare nawa daga aljihu ba komai a ciki.

"Karo na ƙarshe, in babu za a rufe."

Abokina ya kalle ni karo na uku. Baba ya miƙe, ya yi wa baƙi barka da zuwa, ya gode musu da suka tako har garinmu, ya yi addu'a Allah ya mai da su gida lafiya. Aka shafa. Na ga magatakarda ya rubuta layi ɗaya ya rufe littafinsa, aka kawo abinci. Kowa ya ce taro ya yi kyau, ba a ji kunya ba.

Bayan kwana biyu ni da Baba muka hau mota zuwa gidansa a birni. Muka yi zaman jira a cikin 'yan maula har azahar. Da ya fito ya gan mu ya durƙusa ya gai da Baba, ya ja mu ciki. Na miƙa masa takardar. A tsaye ya karanta, ya bi dangwalen nan da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna.

"Baba, me ya hana ku ba da wannan shekaranjiya?"

"Ba mu so mu ba ka kunya a gaban mutanenka."

Ya dafe goshi. Ya ce, "Baba, an rufe sauraro. Abin da aka rubuta ranar, shi zai shiga rahoto."

Baba ya ce, "To kai ba ka da baki ne, ɗana?"

Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Ya ninke takardar ya mayar mini, ya ce in riƙe a wurina tukuna. A mota Baba yana ta ce mini, "Ka ga yadda ya durƙusa? Yaron nan bai canza ba." Ni kuwa na san wanda zai yi aiki da takarda ba ya mayar da ita.

Ranar da za a kai rahoto zauren majalisa na tafi ni kaɗai, na hau benen 'yan kallo. Abokina ne ya tashi ya karanta da bakinsa. Ya ce kwamiti ya je har garin, jama'a sun karɓe su hannu bibbiyu, an nemi ƙorafi sau uku ba a samu ko ɗaya ba. Babu ƙarya ko guda a cikin abin da ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da aka zo kaɗa ƙuri'a aka ce masu goyon baya su amsa, bakinsa kawai nake kallo. Ya motsa tare da na sauran. Da aka ce masu adawa, ba wanda ya yi ko tari.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Alhajin nan ne dillalin filaye, ashe yana bayana a zaune.

"Malam sakatare, kai ma ka zo ganin aikinmu?"

Na ce, "Aikinku, Alhaji?"

Ya yi murmushi, ba na mugunta ba, irin na wanda yake yi wa yaro bayani. "Ai tare muka sha wahalar. Ku kuka sayi fom, ni na ji da daliget da motoci. Ku an haƙa muku burtsatse, ni kuma yau ce ranata."

Maganar Inna ta faɗo mini a rai.

Na tare abokina a wurin ajiye motoci. Na shirya maganganu masu zafi tun daga bene, amma shi ya riga ni.

"Sau uku na kalle ka, mutumina."

Na ce, "Da na miƙa, da ka tsaya mana?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Amma da na samu abin da zan nuna wa mutumin can, in ce masa jama'a sun ƙi a rubuce, hannuna a ɗaure yake. Kun zo kun yi mini kara, kun bar ni ni kaɗai da shi."

Direbansa ya buɗe masa ƙofa ya shiga. Shekara da shekaru ina juya maganar nan. Wata rana in ce gaskiya ya faɗa, wata rana in ce neman wanda zai ɗora wa laifi yake yi. Har yanzu ban tsayar da ɗaya ba.

Bayan an cire amfanin gona masu awo suka zo da igiyoyinsu da turakun siminti. An ba da diyya, amma irin wadda take shiga hannu ta fita kafin damina ta zagayo. Wasu suka sayi babur, wasu suka yi aure, wasu suka tafi birni gadi. Baba bai yi faɗa da kowa ba, bai kuma zagi kowa ba. Abin da ya yi shi ne, washegarin ranar da aka kafa turaku, ya ɗaura wa jakinsa mangala ya ɗauki shebur ya nufi gona. Na bi shi na tarar yana kankare ƙasar sama, baƙar nan, yana lodawa.

Na ce, "Baba, me ke nan?"

Ya ce, "Fili suka karɓa. Wannan kuwa ni na kawo ta, a kan jaki."

Duk ranin nan haka ya yi. Yadda ya shekara arba'in yana kai taki, haka ya koma yana dawo da shi gida, mangala bayan mangala, yana zubawa a bayan ɗakin Inna. Mutane suna wucewa suna kau da kai don kada su haɗa ido da shi. Ni ma na kama masa wasu ranakun, ina haƙa ina jin kamar kabari nake tona. Abin da ya tara bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Inna ta shuka kuɓewa da rama a kai. Ranar da aka sare gawon nan biyu, a gida ya wuni, ya ce kansa ne yake ciwo.

Daga nan ƙarfinsa ya fara tafiya. Mutumin da bai taɓa sayen hatsi ba ya koma aika ni kasuwa awo, kwano-kwano. In an ambaci majalisa a rediyo ba ya kashewa, ba ya kuma ƙara murya. Abokina ya faɗi zaɓe na gaba, Alhajin ya koma bayan wani. Muƙamin mataimakin da na ci buri a kansa kuwa ko a mafarki bai zo ba. Yanzu in mun haɗu da abokin nawa a wurin jana'iza mukan gaisa, ya tambayi iyali in tambayi nasa, kowa ya kama gabansa. A inda gonar take akwai wani gida mai jan ƙyaure da shagon cajin waya a jikinsa. In zan je birni nakan zagaya ta wata hanyar, ko da ta fi nisa.

Mutane suna yawan tambayata me ya sa ba na sa baki a maganar siyasa, ni da na taɓa yi. Dalilin ke nan. Da a ce cin amana ce kawai, da da sauƙi, sai in zage shi in huta. Abin da ya kasa barina shi ne, da mafi kyawun halinmu aka ci mu. Ba rowa muka yi ba, ba rashin kunya muka yi ba. Mun ba da geronmu, mun karrama baƙo, mun rufa wa ɗanmu asiri, na bi maganar mahaifina. Duk abin da aka koya mana cewa shi ne mutunci mun yi shi, kuma da shi muka rasa gonar. Ina da 'ya'ya yanzu, ina koya musu ladabi kamar yadda aka koya mini, amma wallahi wani lokacin ina cikin yi musu faɗa sai in ji bakina ya mutu. Ban san me nake shirya su su rasa ba.

Takardar tana nan a cikin akwatina. Tawadar ta koɗe, fiye da rabin masu dangwalen sun rasu. Ban taɓa iya yaga ta ba.

A ciwonsa na ƙarshe, wata rana da la'asar ina zaune kusa da shi ina yi masa fifita, Baba ya buɗe ido. Tun ranar taron nan bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba.

Ya ce, "Kai."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Takardar nan tana nan?"

"Tana nan."

Ya lalubo gwiwata ya ɗora hannunsa, daidai inda ya ɗora shi ran nan.

Ya ce, "Duk rayuwarka ba ka taɓa ƙin jin maganata ba. Da ma ranar ka ƙi."